Allon Raba Zare da Sauyin Kamun Kifin Wolai a Tafkin Erie

Tafkin Erie, wanda ke tsakanin Amurka da Kanada, shi ne mafi ƙarancin zurfi a cikin manyan tafkuna biyar na yankin, domin matsakaicin zurfinsa bai wuce mita 19 ba, ɓangarensa na yamma kuwa wajen mita 7 ne kawai, kuma a nan ne kifin wolai ya fi hayayyafa, har garin Port Clinton na jihar Ohayo yake kiran kansa babban birnin wolai na duniya. A shekarun 1970 da 1980 yawancin masu fatsa kashe inji suke yi su bar iska ta kora jirgi, kowa yana jefa ƙugiya mai ɗauke da tana yana jawowa da hannu. Yau hanyar da ta mamaye tafkin ita ce jan koto a bayan jirgi mai tafiyar kilomita 2 zuwa 4 a awa, tare da allon raba zare, wato wani allo na katako ko roba mai yankakken baki, wanda ruwa ke turawa gefe idan an ja shi, sai ya ɗauke zaren fatsa ya nisanta shi da jirgin.

Tushen wannan sauyi yana cikin ruwan kansa. A 1972 Amurka da Kanada suka sa hannu kan yarjejeniyar kyautata ruwan tafkunan, wadda ta rage fosforas ɗin da ke kwarara daga birane yana ciyar da gansakuka, sannan a 1988 aka gano wata ƙaramar halitta mai ɓawo biyu, mai zane irin na jakin dawa, a Tafkin St. Clair, wadda ta zo daga Turai cikin ruwan da manyan jirage ke ɗiba don daidaita nauyinsu. Wannan halitta tana tace ruwa domin ta ci abin da ke yawo a cikinsa, kuma cikin ƴan shekaru ta bazu a Erie, ruwan da a da yake gurɓatacce ya yi garau. Shi kuwa wolai yana da wani shimfiɗi mai mayar da haske a bayan idonsa, wanda ke ba shi damar farauta a duhu amma yake sa shi gudun haske da inuwar jirgi, saboda haka a ruwa mai tsabta garken yakan dare gefe da gefe kafin jirgi ya iso. Allon yana kai koto daidai inda kifin ya kauce ya tsaya. Dabarar ta riga ta kasance a hannun masu kamun kifin salmon a sauran tafkunan, abin da ya yaɗa ta a Erie shi ne buƙata, sai kuma fitowar ƙananan alluna na roba da ake maƙalawa a jikin zare, waɗanda suka sauƙaƙa wa mai ƙaramin jirgi abin da a da sai mai dogon turke da babban allo.

Sakamakon farko shi ne faɗin ruwan da jirgi ɗaya ke sharewa ya ninka sau da yawa, kamar manomin da ya ajiye fartanya ya kama garmar shanu, musamman bayan Ohayo ta ƙara yawan sandunan fatsa da aka yarje wa mutum ɗaya a Erie daga biyu zuwa uku a 2020, ta yadda mutum huɗu za su iya jan koto 12 a lokaci guda, kowanne a zurfin da aka auna. Wannan yana da hatsarin da ba a cika lura da shi ba: idan kayan aiki suka ƙware wajen nemo garke, kamu yakan ci gaba da kyau ko da adadin kifin ya fara raguwa, don haka cikar sanho ba ta zama shaidar yalwar tafki ba. Abin da ke kare wolai shi ne ƙayyade rabo, wanda kwamitin tafkin da ke ƙarƙashin hukumar kamun kifi ta manyan tafkuna yake yi duk shekara bisa ƙiyasin masana, tare da dokar Ohayo ta kifi shida a rana ga kowane mutum, kuma kada tsawonsa ya gaza inci 15. Ƙyanƙyasa mai yawa ta 2003, da ta 2015, 2018 da 2019, su ne suka ɗauki nauyin wannan matsi.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin rabo. Ƙaramin kifi idan ya haɗiye koto ba ya iya girgiza allo, sai a yi ta jan sa na tsawon lokaci ba a sani ba, ya galabaita kafin a sake shi, abin da ya sa aka ƙirƙiro wata ƴar tuta a kan allon mai sunkuyawa da zarar zare ya yi nauyi. Wanda aka ciro daga zurfin tsakiyar tafki da rani kuma jakar iskar cikinsa takan kumbura, ya kasa nutsewa. Ta fuskar jama'a, hanyar ta sa yaro da tsoho da baƙon da ya yi hayar jirgi suna komawa gida da kifi, abin da ke ciyar da garuruwan gaɓa, sai dai ƙwarewar ta tashi daga hannun mai riƙe sanda ta koma ga matuƙin da ke karanta na'urar gano kifi, kuma kuɗin sanduna da alluna da man fetur ya ɗaga jarin shiga harkar sama da abin da mai ƙaramin ƙarfi yake iya ɗauka.