Makarantun "cata" a Amurka: Kuɗi na gwamnati, manhaja a hannun kwamiti

A watan Janairun 2018, ana tsakiyar zangon karatu, aka rufe wata babbar makarantar intanet mai suna ECOT a jihar Ohayo ta Amurka. Ɗalibai kusan 12,000 suka wayi gari ba su da makaranta. Kafin nan ma'aikatar ilimin jihar ta gano cewa makarantar ta karɓi kuɗin dubban ɗaliban da ta kasa nuna shaidar suna karatu, aka ce ta mayar da kusan dala miliyan 60 na shekarar karatu ɗaya kawai. Wani abin kuma, kamfanonin mutumin da ya kafa makarantar ne ke riƙe da kwangilar gudanar da ita da ta kayan koyarwa. To, ina kwamitin makarantar yake duk wannan lokaci?

ECOT na cikin irin makarantun da Amurkawa ke kira "cata", wato makarantun yarjejeniya. Gwamnati ce ke biyan kuɗin kowane ɗalibi, iyaye ba sa biyan ko sisi, amma ba ofishin ilimi na yanki ke tafiyar da makarantar ba. Wani kwamiti mai zaman kansa ne ke sa hannu a yarjejeniya da hukumar da doka ta ba ikon ba da izini, wadda kan iya zama hukumar ilimi, jami'a ko wata ƙungiya. Sau da yawa wa'adin shekara 5 ne. In sakamako ya yi kyau a sabunta, in bai yi ba a rufe. In masu neman gurbi sun fi kujeru yawa, ƙuri'a ake jefawa.

Jihar Minisota ce ta fara yin dokar a 1991, makaranta ta farko, City Academy, ta buɗe a birnin St. Paul a 1992. Yau jihohi sama da 40 na da irin wannan doka, ɗalibai kuma sun haura miliyan 3.

Aikin kwamiti

'Yan kwamitin galibi 'yan sa-kai ne, ba albashi. Amma nauyin da ke kansu ba na wasa ba ne. Su ke ɗaukar shugaban makaranta, su ke auna aikinsa, su ke sallamarsa in ta kama. Su ke amincewa da kasafin kuɗi, su ke karɓar rahoton masu binciken kuɗi duk shekara. In abu ya lalace, su za a fara kira.

Dokar Minisota ta fayyace yadda za a haɗa kwamitin. Dole ya kasance da aƙalla mutum 5 waɗanda ba dangin juna ba, a cikinsu akwai malami mai lasisi da ke koyarwa a makarantar, da uba ko uwar ɗalibi, da mutumin gari wanda ba ma'aikacin makarantar ba ne kuma ba shi da ɗa a ciki. Iyaye da ma'aikata ke zaɓensu. Dole kuma kowane ɗan kwamiti ya halarci horo kan shugabanci da sha'anin kuɗi da dokokin ɗaukar ma'aikata. Zamansu a buɗe yake, duk mai so ya zo ya saurara.

Wa ke tsara manhaja?

Nan ne daɗin tsarin yake, nan ne kuma haɗarinsa. Jiha ce ke faɗin abin da ya kamata yaro ya iya a kowane aji, kuma ɗaliban cata na zana jarrabawar jiha kamar kowa. Hanyar kaiwa can kuwa an bar wa makaranta: wane littafi, wane salon koyarwa, awa nawa a rana, har da wane harshe. Shi ya sa makarantar Yinghua da ke Miniyapolis, wadda ta buɗe a 2006, take koyar da ƙananan yara darussa da harshen Sinanci, makarantun KIPP kuma suka yi suna wajen tsawaita lokacin tashi.

Mu malamai mun san cewa manhaja ba ta ƙarewa a takarda. In aka ƙara wa lissafi minti 30 a jadawali, wani darasi ne ya yi asarar minti 30 ɗin. In aka canza littafin koyon karatu, sai an sayi sababbi, sai an horar da malamai, sai an jira shekara biyu ko uku kafin a ga amfani. Duk wannan kuɗi ne, kuɗi kuma a hannun kwamiti yake. Saboda haka rabon aikin shi ne malamai da shugabansu su tsara, kwamiti ya yi tambaya kafin ya amince: wace matsala wannan zai magance, nawa zai ci, da me za mu gane ya yi aiki? Kwamitin da ke shiga aji yana gaya wa malami yadda zai riƙe alli ya wuce gona da iri. Wanda kuma ke sa hannu a duk abin da mai makaranta ya kawo, to shi ne irin wanda ke kai yara inda ECOT ta kai su.

Larabci e, wa'azi a'a

Akwai iyaka ɗaya da kwamiti ba ya tsallakewa. Tsarin mulkin Amurka ya hana makarantar gwamnati koyar da addini a matsayin ibada, cata kuma a idon doka ta gwamnati ce. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Makarantar Tarek ibn Ziyad a Minisota ta buɗe a 2003, akasarin ɗalibanta 'ya'yan baƙi Musulmi ne, tana koyar da Larabci, sakamakon jarrabawarta kuma na da kyau. A 2009 ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta kai ta kotu bisa zargin amfani da kuɗin jama'a wajen yaɗa addini, musamman da yake gini ɗaya take da masallaci. Makarantar ta musanta. Ana cikin shari'ar wata sabuwar doka ta hana ƙungiyoyin da ba su da mazauni a jihar ba da izini, hakan ya shafi Islamic Relief da ke tsaya mata. Ba a kammala samun madadi ba, aka rufe ta a 2011. Ka ga, kyan sakamako bai cece ta ba.

Kada a ce Musulmi kaɗai abin ya shafa. A watan Mayun 2025 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka suka rabu 4 da 4 kan makarantar Katolika ta St. Isidore a Oklahoma, hukuncin kotun jihar da ya hana ta zama cata ya tsaya.

Me ya shafe mu?

Salon ya riga ya iso yankinmu. A 2016 Laberiya ta miƙa makarantun gwamnati 93 ga ƙungiyoyi 8 su gudanar. A nan Ghana ma an kawo makamancin shirin a 2019, ƙungiyoyin malamai irin su GNAT da NAGRAT suka ce ba su yarda ba.

Dokarmu daban take. Manhaja ta ƙasa ce, kuma tun 1987 da aka kafa Sashen Ilimin Musulunci, makarantunmu na Turanci da Larabci ke samun malaman gwamnati ba tare da an ce su ajiye addini ba. Amma mu ma muna da kwamitin gudanarwa, SMC, kuma da amincewarsa ake kashe tallafin da gwamnati ke ba makaranta bisa yawan ɗalibai. Sai kowane uba da uwa a Zango su tambaya: su wa ke cikin kwamitin makarantar yaranmu? Yaushe suka yi zaman ƙarshe? Akwai mace a ciki? Dukkansu 'yan gidan mai makaranta ne? Wa ya taɓa duba jadawali ya ga awa nawa Larabci ke samu, awa nawa lissafi?

In an kira taro a zango mai zuwa, don Allah a je, a kuma nemi ganin littafin kuɗi da jadawalin.