INSHORAR CIKE GIƁI: INA AMFANINTA?

Sau da yawa mukan ji magidanci ya ce, "Ai ni ina da katin inshora, asibiti kyauta ne a wurina." To, jama'a, wannan magana akwai gyara a cikinta, domin inshora ba ta biyan kome da kome.

Ita inshorar lafiya, wato mutane da yawa ne suke zuba kuɗi kaɗan-kaɗan a asusu guda, wanda ciwo ya kama sai a yi masa magani daga ciki. A Nijeriya an kafa dokarta a 1999, ta fara aiki a 2005, sa'an nan a 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta wajabta ta a kan kowa. Jihar Katsina ma ta yi dokar hukumar taimakekeniyar lafiya tata a 2018. A tsarin ma'aikatan tarayya, katin yakan ɗauki maigida da matarsa ɗaya da 'ya'yansa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Ka ga ke nan mai mata biyu da 'ya'ya tara, sai ya biya ƙari kafin a shigar da sauran.

Ba nan kaɗai giɓin yake ba. Mai kati shi ke biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Bisa ƙa'idojin 2012, hoton ƙwaƙwalwa da makamantansa masu tsada rabi ake biya masa, rabi nasa. Alal misali, a ce an kai yaro Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, hoto ya kama Naira 60,000, magani kuma Naira 20,000. Uban zai fitar da Naira 32,000 daga aljihunsa. Wannan abin da ya rage shi ake kira giɓi, kuma shi ne yake sa a sayar da akuya ko hatsin gida.

Inshorar cike giɓi kuwa ƙaramar inshora ce ta biyu, wadda aikinta kawai ta biya ragowar da ta farko ta bari. Ta shahara a Afirka ta Kudu, inda manyan likitoci sukan caji fiye da farashin da inshora ta yanke. Tun 2017 gwamnatinsu ta ƙayyade iyakar abin da za ta biya wa mutum a shekara. Amma a lura, ba ta tsayawa ita kaɗai, sai mutum yana da ta farko.

Mu a nan, gudummawar dangi da adashi su ne suka daɗe suna cike mana giɓi. Sai dai ciwo ba ya jiran ranar kwasar adashi. Dokar 2022 ba ta hana mutum ƙarawa da inshorar kamfani ba, don haka mai hali yana iya neman ƙari.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su je ofishin inshora su tambayi abu uku: me ake biya duka, me ake biya rabi, me kuma ba a biya sam. Sa'an nan a riƙa ware wani abu kowane wata domin giɓin. Mu ɗalibai kuma mu karanta musu takardun, mu yi musu bayani. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.