Allah Nawa Ne A Koyarwar 'Yan Mormon?

A ajin baftisma na wata Asabar, wani saurayi da ya dawo daga aiki a Abuja ya kawo mana tambaya. Ya ce wasu samari biyu masu fararen riguna, kowane da sunansa maƙale a ƙirji, sun zauna da shi, sun ce su ma suna ba da gaskiya ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Bayan tafiyarsu sai wani ɗan'uwa ya ce masa ya yi hankali, mutanen nan mushirikai ne. To, wanne zai kama?

Ya ku 'yan'uwa cikin Almasihu, kalmar nan shirka ba baƙuwa ba ce gare mu. Sau nawa aka jefe mu da ita a kasuwa ko cikin mota, ana cewa mu Kirista muna bauta wa alloli uku? Mun san zafin a ɗora wa mutum abin da bai faɗa ba. Saboda haka kafin mu jefi wani da ita, wajibi ne mu ji abin da shi kansa yake koyarwa.

Sunan da suke kiran kansu da shi shi ne Ikkilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, har ma a shekarar 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙi a daina ce musu Mormon. Joseph Smith ne ya kafa ta a jihar New York ta Amurka ranar 6 ga Afrilu, 1830, hedkwatarta kuma tana Salt Lake City a jihar Utah. Mishanoninsu sun iso Nijeriya a ƙarshen 1978, shekarar da suka janye dokar da ta hana baƙar fata matsayin firist a cikinsu, an kuma keɓe haikalinsu na Aba a 2005.

Smith ya ce a shekarar 1820, yana yaro ɗan shekara 14, ya shiga kurmi yin addu'a, sai ya ga mutum biyu tsaye cikin haske, ɗaya Uba, ɗaya Ɗa. A kan wannan wahayi aka gina sauran koyarwar. A wurinsu Uba dabam ne, Ɗa dabam, Ruhu dabam. Ɗayantakarsu ta nufi ce da shawara da aiki, kamar dattawa uku da bakinsu ya zama ɗaya. Littafinsu na Koyarwa da Alkawura, sashe na 130, ya ce Uba yana da jiki na nama da ƙashi kamar na mutum, haka ma Ɗa.

Maganar ta ƙara nisa a ƙarshen rayuwar Smith. A Littafin Ibrahim da ya fitar a 1842, labarin halitta ya zo da jam'i, wato alloli ne suka tsara sama da ƙasa. Ranar 7 ga Afrilu, 1844, a garin Nauvoo, cikin wa'azin tunawa da wani mabiyinsa mai suna King Follett, ya koyar cewa Allah da kansa ya taɓa zama mutum a wata duniya kafin ya kai matsayinsa na yanzu, kuma mutane za su iya bin wannan hanya su zama alloli. A watan Yuni na shekarar, 'yan kwanaki kafin a kashe shi a kurkukun Carthage, ya sake wa'azi a fili kan yawan alloli, har ya nuna cewa Uban ma yana da nasa uba. Suna kuma koyar da cewa akwai Uwa ta Sama, ko da yake ba sa yi mata addu'a.

Adalci ya sa mu faɗi amsarsu. Suna cewa Uba kaɗai suke yi wa addu'a, cikin sunan Yesu, ba su da gunki, ba su yanka wa iskoki. Wannan gaskiya ne. Duk wanda ya kwatanta su da masu tsafi ko 'yan bori ya yi musu ƙazafi. Littafin Mormon kansa, wanda ya fito tun 1830, ya ce Uba da Ɗa da Ruhu Allah ɗaya ne, abin da ke nuna mana cewa koyarwar Smith ta yi ta sauyawa cikin shekaru 14 da suka biyo baya. Shugabanninsu na baya-baya kuma ba su cika zafafa batun cewa Allah ya taɓa zama mutum ba. Da mujallar Time ta tambayi Gordon Hinckley a 1997, ya nuna cewa ba abu ne da suke nanatawa ba. Amma zancen mutum ya zama kamar Allah, wannan ba su janye shi ba.

To, a nan sai mu ɗauko ma'auni. Littafi Mai Tsarki bai tsaya ga cewa a bauta wa ɗaya a ƙyale sauran ba. Kubawar Shari'a 6:4 ta shaida cewa Ubangiji ɗaya ne. A Ishaya 43:10 Ubangiji ya ce ba a yi wani allah kafinsa ba, ba kuwa za a yi bayansa, a 44:8 kuma ya ce bai san da wani ba. Idan Uba yana da nasa uba, yaya zai ce bai san da wani ba? Zabura 90:2 ta nuna shi Allah ne tun fil azal, ba matsayi ne da ya hau ba kamar yadda hakimi yake zama sarki. Abin da dattawan ikkilisiya suka tsare ke nan a taron Nikiya na shekarar 325: Ɗa da Uba zatinsu ɗaya ne, ba alloli biyu masu jituwa ba.

Za su buɗe muku Yohanna 10:34 da Zabura 82, inda aka kira wasu alloli. A karanta zaburar har ƙarshe: waɗannan da aka kira alloli ana yi musu hukunci ne saboda rashin adalci, an kuma ce za su mutu kamar kowa. Za su kawo 2 Bitrus 1:4, su ambaci Atanasiyus da ya yi maganar mutum ya sami rabo cikin allahntaka. Amma Atanasiyus ɗin nan shi ne ya sha gudun hijira sau biyar saboda kare koyarwar Nikiya. Ƙarfen da aka sa a wutar maƙera yakan yi ja, ya yi zafi, duk da haka ƙarfe ne. Haka alherin Allah yake tsarkake mu, amma halitta tana nan halitta.

A ganinmu nan ne tushen bambancin, ya ma fi batun lissafi. Mu mun ce Mahalicci dabam ne da abin da ya halitta tun daga babu. Su sun ce Allah da mala'iku da mutane iri ɗaya ne, tazarar girma ce kawai tsakaninsu. Wasu masana suna kiran wannan bauta wa ɗaya tare da yarda da wanzuwar wasu. Ko da wane suna aka ba shi, koyarwar da ta ce akwai alloli da yawa ba ita ce bangaskiyar Allah ɗaya da muka karɓa ba. Dalilin ke nan da Fadar Paparoma ta yanke a 2001 cewa baftismarsu ba karɓaɓɓiya ba ce: kalmomin iri ɗaya ne, amma abin da ake nufi da su dabam. Su ma, duk Kiristan da ya koma wurinsu sai sun sake yi masa baftisma.

Abin da muka gaya wa saurayin nan shi ne, in sun dawo ya ba su wurin zama da ruwan sha, kada ya kira su da sunan da shi ma ba ya so a kira shi. Sa'an nan ya tambaye su cikin ladabi ko akwai lokacin da Uban da suke yi wa addu'a bai zama Allah ba tukuna, ya buɗe Ishaya sura 43 su karanta tare.