Laburaren Jama'a: Abubuwan da ya kamata ka sani

Mene ne shi?

Laburare, wato ɗakin ajiye littattafai da karatu, iri-iri ne. Na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza, na ɗalibai ne da malamansu. Laburaren jama'a kuwa gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, kuma ƙofarsa a buɗe take ga kowa, ɗan firamare ne ko tela ko tsohon ma'aikaci. Fitaccen misali a Arewa shi ne Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello a Kano.

Asalinsa

Aron littafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu. Tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo almajirai ke aron littafi a wurin malami, su kwafe shi da alƙalami da tawada, su mayar. Sai dai wannan hanya tana buƙatar sanayya, domin malami ba ya miƙa littafinsa ga wanda bai sani ba.

Tsarin zamani ya fara ne da ɗakunan karatu na En'e a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1952 aka buɗe laburaren Jihar Arewa a Kaduna. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, sai ɗawainiyar ta koma wuyan kowace jiha.

Yadda yake aiki

Mai son aro yakan yi rajista a ba shi kati. Idan ya zaɓi littafi, ma'aikaci zai rubuta ranar dawowa. Kati ne ya maye gurbin sanayyar da. Ƙamus da kundayen bincike da tsofaffin jaridu ba a fita da su, a nan ake dubawa.

Ba barkatai ake jera littattafan ba. Yawancin irin waɗannan wurare na bin tsarin Dewey, wanda aka fito da shi a Amurka a 1876, ya kasa ilimi gida goma. Kowane littafi na da lamba manne a ƙugunsa: 297 Musulunci, 610 likitanci, 630 noma. Manomin shinkafa da ya riƙe lamba 630 zai iya zuwa kai tsaye ga kantar da yake nema.

Amfaninsa da cikas

Ga ɗalibin da gidansu ke cike da hayaniya, kujera da fitila da shiru su ne babbar riba, wani lokaci ma fiye da littafin. Laburaren Kano ya kuma zama matattarar marubuta, inda 'yan ƙungiyar marubuta ta ANA kan haɗu su karanta ayyukansu a yi musu gyara.

Babban cikas shi ne tsufan kaya. Littafin tarihi ko na fiƙihu yakan daɗe yana amfani, amma na kwamfuta ko na magani yakan tsufa cikin 'yan shekaru, kuma sabunta shi sai da kuɗi a kasafin kowace shekara. Ga kuma nisa: mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin mota sau biyu, ranar aro da ranar mayarwa.