Cinikin Duniya da Ladan Masaƙan Kaduna

Masana tattalin arziki sun daɗe suna cewa in aka buɗe ƙofofin ciniki tsakanin ƙasashe kaya za su yi araha, kowa ya amfana. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta faɗi wanda zai ɗauki asarar ba. Tarihin masaƙun Kaduna ya isa misali.

A shekarar 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, haɗin guiwar Gwamnatin Jihar Arewa da wani kamfani na Ingila, don a riƙa saƙa audugar ƙasar nan a gida. A 1964 aka kafa United Nigerian Textiles, wadda masu ita 'yan kasuwar Sin ne daga Hong Kong. Unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata masu albashin wata, kowannensu kuwa yana ɗauke da iyali, da mai gidan haya, da mai sayar masa da tuwo, har da manomin auduga a can Funtuwa.

To, da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziki a 1986, darajar naira ta faɗi. Rini da kayan gyaran injuna, waɗanda daga waje ake sayo su, suka yi tsada, albashi kuwa ya daina kai mutum ƙarshen wata. Ga rashin wutar lantarki. Ana cikin haka ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, atamfarta mai araha ta yi ta kwararowa Kantin Kwari a Kano, da yawanta ta hanyar fasa-ƙwauri daga Binin da Nijar. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta tsai da aiki a 2007.

Lalle matalauciyar da ta sami zane da rahusa ta ƙaru, ba a musun wannan. Sai dai ribar ta watsu cikin miliyoyin masu saye, kowa ɗan kaɗan, alhali kuwa asarar ta taru a kan gari guda. Shi ya sa ma'aikacin Kakuri, in ya ce tattalin arziki ya rushe, ba ya jin maganar mai lissafi da ke nuna masa ciniki ya haɓaka. A ganinmu ɗora wa Sin laifin duka rashin adalci ne, gama masaƙun sun riga sun raunana tun kafin kayanta su iso. Da yawa daga cikin ma'aikatan Kaduna Textiles sun shekara da shekaru suna biɗar haƙƙinsu na sallama, waɗansu har suka rasu ba a biya su ba.