Maginan Jar Ƙasa a Limawa

Wanda ya kutsa lungunan Limawa, ɗaya daga tsofaffin unguwannin Minna, zai ci karo da bangon da siminti ya ɓare, jar ƙasa ta leƙo daga ciki. Da ƙasa aka ɗora irin waɗannan gidaje, daga baya aka yi musu filasta da rufin kwano. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa garin a farkon ƙarni na 20 Hausawa fatake da malamai suka zauna kusa da Gwarawa masu gari, kuma duka ɓangarorin biyu sun san ginin ƙasa.

Aikin na rani ne. A haƙo ƙasa mai danƙo da ɗan tsakuwa, a jiƙa ta ta kwana, a zuba yankakkiyar ciyawa, sannan lebura ya naɗe wando ya shiga ya yi ta tattakawa har ta kama jikinta. Magini na ƙwarai da hannu yake gwada ta: ya dunƙula, ya matse, in ta rugurguje yashi ya yi yawa, in ta tsage bayan ta sha iska danƙo ya yi yawa. Daga nan a mulmula tubali, gindi faɗi kai tsini, ko a buga bulon ƙasa a akwatin katako, a shanya kamar mako biyu.

Wurin ɗorawa ake gane gwani. Yana bisa bango ya raba ƙafa, yaro na ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya, yana cafewa ba tare da ya duba ba. "Miƙo ƙasa!" Ya jera, ya liƙe, ya shafe da tafin hannu. 'Yan layuka kaɗan yake yi ya sauka, don in aka ɗora wa ɗanyen bango nauyi sai ya karkace. Azara daga giginya take, gara ba ta cika cinta ba. Makuba kuwa, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa yaɓe ya jure ruwa. Ruwan Minna ya fi na Kano yawa, yakan zarce milimita 1,000 a shekara, shi ya sa kwano ya rinjayi rufin soro a nan.

Kuɗin fa? A cikin gari babu sauran wurin haƙa, sai a sayo ƙasa a tifa daga bayan gari, ruwa kuma daga 'yan garuwa. Mai buga tubali da ɗari-ɗari yake sayarwa, magini ya yi jinga da mai gida, ya biya lebura kuɗin yini. Abin da ya rage shi zai riƙe shi da damina, lokacin da aiki ke tsayawa. Aikin kuma ba ya rasa wahala: ga faso, ga ciwon baya, ga haɗarin rami ya rufta da mai haƙa.

Abin da ya sa ginin ya yi araha a da shi ne gayya. Maƙwabta su kwaɓa, mata su ɗebo ruwa, mai gida ya ciyar, baɗi shi ma ya je wa wani. A Yaama ta jihar Tawa a Nijar, haka mutanen gari suka tashi masallacinsu daga 1962 ƙarƙashin magini Falke Barmu, har ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuma, ita ma a Nijar, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun yi aiki da maginan yankin, aka gina sabon masallaci da bulon ƙasa na matsi, tsohon ya koma ɗakin karatu. A ganina wannan ne abin da masu yabon sanyin ɗakin ƙasa ke mantawa: bangon yana son yaɓe a kai a kai, yaɓe kuma yana son mutane.

Yau yaran magina da yawa sun koma bulon siminti, inda aiki ba ya yankewa. Dattawan da suka rage galibi gyara suke samu: gindin katangar da ruwa ya zaizaye, ko zauren da ya tsage, kuma sai an ga hadari ya fara haɗuwa a watan Afrilu ake tuna a aika a kira su.