Takardar Wanke Kai



Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar aikin soja, ɗan sanda ko jami'in shige da fice a Ghana, za ku ga samarinmu sun dage da gudun asuba, ana gwada tsayi a jikin bango. Amma akwai sharaɗi guda da gudu ba ya maganinsa: kada a taɓa kama ka da laifi a kotu. Sashen binciken manyan laifuka na 'yan sanda, wato CID, mai hedikwata a Akra, shi ke bayar da takardar wanke kai. Za ka dangwala yatsunka goma, a gwada su da abin da ke ajiye. Mai neman aikin gadi ko tafiya ƙetare ma akan tambaye shi wannan takarda.

Abin da ke ci min rai ke nan. Yaro ya bi ɗan siyasa lokacin zaɓe, an ba shi riga da kuɗin mai, rikici ya ɓarke, shi aka kama. Tun bayan tashin hankalin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a 2019, majalisa ta kafa doka mai lamba 999, wadda ta tanadi ɗaurin aƙalla shekara 10 ga 'yan bangar siyasa. Mai gidan da ya tura shi yana ofis, yaron kuwa sunansa ya shiga littafi.

Sai bashi. Shi ba laifi ba ne, kowa na ci. Amma tun dokar 2007, Babban Bankin Ghana ke ba kamfanoni irin su XDS Data lasisin tattara tarihin masu karɓar rance. Wanda ya ci bashin MoMo, wato kuɗin waya, ya karya layinsa ya jefar a kwata, yana ganin ya sha, to a 2022 bankin da kansa ya yi gargaɗin cewa sunan na nan. Me ya haɗa wannan da aikin tsaro? Wanda bashi ya shaƙe wa wuya, saye shi ba wuya. Aldrich Ames, jami'in leƙen asirin Amurka, bashi ne ya fara kai shi ga sayar wa Tarayyar Sobiyet sirri a 1985, bai shiga hannu ba sai 1994. A can, halin kuɗin mutum na cikin abubuwan da ake tonawa kafin a damƙa masa sirrin ƙasa, kuma wanda ya ɓoye bashinsa ya fi wanda ya faɗa yana biya shiga uku.

Tsarin mulkinmu na 1992, a sashe na 94, ya haramta kujerar majalisa ga wanda aka ɗaure kan zamba, amma ya sake buɗe masa ƙofa bayan shekara 10 da gama hukunci, ko in an yi masa afuwa. Idan mai neman majalisa ya samu wannan sassauci, a ganina yaron da ya yi wauta yana ɗan shekara 19, ya tuba, ya kama sana'a, ya cancanci a duba lamarinsa. Sarakunan Zango da limamanmu, ku ne ke zama da 'yan majalisarmu. Wannan magana a bakinku za ta fi nauyi.